Tsafe Gaba, Bunguɗu Baya: Sunayen da Aka Goge a Aikin Malam Lawali

Shekara uku ke nan cif da rasuwar maigidana, Malam Lawali, Allah Ya jiƙansa. Makonni kaɗan bayan an ba mu jihar Zamfara ya kwanta dama, ana ta murna a gari, mu kuma muna karɓar gaisuwa. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunansa ba, Baban Nana nake cewa. Yau na rubuta shi a jarida, don wasu sun ga dama sun goge shi.

Malam shi ne mai kula da kwamfutoci a wata cibiyar koyarwa a nan Gusau. Shekara shida ya yi yana rubuta wani shirin kwamfuta da ya sa wa suna Bin Sawu. Idan ɗalibi ya rubuta nasa shirin ya ƙi aiki, Bin Sawu ne zai bi shi layi-layi, ya tsaya inda kuskuren yake, kamar yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓace. Ni sakandare kawai na gama, amma na san cikinsa. Da idanun Malam suka fara rauni, sai ya riƙa zuwa gida da dogayen takardun firinta masu huji a gefe. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarma in karanta masa, yana cewa, "Tsaya nan, maimaita."

Kowane abu a cikin shiri sai an raɗa masa suna, Malam kuwa da sunayen gida ya raɗa. Ma'ajiyar bayanai rumbu ce. Wurin tsayawa mashaya. Layin da ake kai yanzu sunansa Gusau, layin da aka baro Bunguɗu, wanda za a shiga Tsafe. Waɗannan ukun sun fi komai yawa, da wuya ki buɗe shafi ba ki gan su ba.

Bayan arba'in aka kawo wani Injiniya daga wajen Zariya. Da ya buɗe aikin, aka ce dariya ya yi, ya ce wannan ai taswirar direban tasha ce. Ya ce za a gyara gida, a sauya kowane suna zuwa Turanci don baƙi su gane. Ban ƙi gyara ba. Malam da kansa ya sha ce mini wata rana sai an sake wa sunayen nan tsari. Amma mai gyara yakan fara tambayar abin da ya tarar.

Fayilolin sun yi yawa, sai Injiniya ya raba su biyu, ya ɗauki rabi, ya ba abokin aikinsa Malam Umaru, mutumin Sakkwato, rabi. Ba su zauna sun rubuta tsohon suna kusa da sabo ba. Injiniya in zai shigo Gusau ta Tsafe yake biyowa, don haka a rabinsa ya mai da Tsafe ta zama layin da aka baro. Malam Umaru ta Bunguɗu yake shigowa, a nasa rabin Bunguɗu ce ta baya. Kowa ya bi hanyar garinsu. Suka haɗa, suka naɗe sabon a kan tsofaffin fayafayan Malam, tsohon ya goge, wai fayafayai sun yi ƙaranci. Suka cire sunansa daga allon farko da ke fitowa in an kunna, suka sa na sashensu.

Daga ranar Bin Sawu ya rikice. Kuskure na gaba, yana nuna baya. Ɗalibai suka yi ta gyara layin da ba shi da laifi. Maimakon su biyun su duba hannunsu, sai suka rubuta wa shugaban cibiya rahoto cewa marigayin bai san aiki ba, tun tushe shirin a karkace yake, su suka gano. Aka karanta shi a taron malamai. Matar wani malami ce ta faɗa mini a gidan suna, tana zaton na sani. Tuwon da ke hannuna ban kai shi baki ba.

Washegari na sa hijabi na tafi cibiyar da takardun a cikin jakar leda. Na tsaya a ƙofar ofis na yi sallama.

"Hajiya, wannan ba maganar girki ba ce," in ji Injiniya, bai ko tashi ba.

Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce tukuna. Shafi guda nake so ka duba."

"Takardun tsohon yayi? Ki ba mai ƙosai."

Malam Umaru ya sunkuyar da kai. Ya san ni, ya ci abincin gidanmu ranar sadakar uku. Har gobe sunkuyar da kan nan nasa ya fi mini zafi.

Ina ƙoƙarin yafewa, Allah Ya sani. Nakan yi niyya a kan sallaya, in shafa addu'a, sai in tuna Nana ta dawo makaranta tana tambayata ko gaskiya ne Babanta bai iya aikinsa ba. Nan niyyar take warwarewa.

Yanzu rediyo ba ta da zance sai na shekara ta dubu biyu, wai kwamfutoci za su ruɗe da kwanan wata. Da Malam na nan da ya yi murmushin nan nasa ya ce a kawo takarda a bi layi-layi. Cibiyar ma an ce su binciki duk shirye-shiryensu, ga Bin Sawu a kwance. Makon jiya sai ga Malam Umaru a zaure, da ledar lemu.

"Innar Nana, takardun nan na Malam, suna nan kuwa?"

Na ce, "Waɗanne? Na mai ƙosai?"

Ya ce Injiniya ne ya aiko shi, aro kawai, a sirrance. A sirrance! An ɓata mutum a gaban taro, za a ci moriyarsa a bayan ƙofa. Na ce ya kai wa yaransa lemun.

Kwana uku ina juyayi. Ilimin da ake amfana da shi yana isa kabari, ba ni da ikon tare wa Malam ladansa saboda fushina. Ɗaliban kuma ba su yi mini komai ba. Amma ba zan miƙa wa mutum biyun nan su ce su suka gano ba. Shi ya sa na zaɓi jarida, kowa ya karanta: rabin Malam Umaru daidai ne, rabin Injiniya ne a juye. Ku mutanen cibiya, takardun suna nan cikin akwatina, babu shafin da gara ta taɓa. Ranar da aka janye rahoton nan a taron da aka karanta shi, aka mai da sunan Malam Lawali allon farko, ni da ƙafata zan kawo su, in karanta muku kamar yadda na saba.

Abin da ya rage na Malam a gidan nan tabarau ne, da akwatin takardu, da yarinya mai irin tafiyarsa. Sai kuma dalilin sunayen, wanda ba wanda ya tambaya. A Bunguɗu aka haife shi, a Gusau yake aiki, ni kuma 'yar Tsafe ce. Shekara biyu yana hawa babur duk Juma'a yana zuwa zance ƙofar gidanmu. Tun daga lokacin, a wurinsa Bunguɗu ce inda aka fito, Tsafe inda za a je. Tsakanin cibiyarku da gidan nan tafiyar minti goma ce. Da kun yi sallama, da na faɗa muku.