Inda Yaya Yake Kashe Babur

Jiya jikana ya goyo ni a babur za mu Jibiya. Muna isa gangaren gulbi sai inji ya mutu da kansa. Yaro yana ta duba mai, ni kuwa na gane wurin.

A shekarun da arzikin fetur ya cika ƙasa da babura, yayana ne gwanin tsere a kan yashi. Har daga Maraɗi ake zuwa karawa da shi. Amma akwai wata tsamiya a gangaren nan. Ko ana tsakiyar tsere, in ya iso ta sai ya kashe inji, ya yi sallama, ya tura da hannu. Yakan ce, "Masu wurin ba su son hayaniya." Kuma duk da haka shi ke riga kowa.

Ranar da naƙuda ta zo mini da gardama, da rana tsaka, shi ya ɗauke ni zuwa asibiti. Har yau ina jin warin mai da gumi na rigarsa. Da na hango tsamiyar na ce, "Yaya, kashe mana!"

Ya ce, "Riƙe ni da kyau, ƙanwata. Ni za su tambaya, ba ke ba."

Muka wuce da ƙara. Na haifi uban jikan nan nawa lafiya. A tseren da ya biyo baya, a gindin tsamiyar aka tsinci gawar Yaya, ba ko ƙwarzane a jikinsa, babur yana jingine a kashe.

An daɗe da sare tsamiyar. Na ce wa jikana, "Bar shi haka, tura mu wuce." Na yi sallama.

Allah ya sanyaya makwancinka, Yaya, ya sa iyakar tambayar ke nan.