Ranar da Na Ba Shanu Dusa, Na Hana Kaina Ɗumame

Bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba wai ina raina kaina ba, don har gobe a unguwarmu ni ake kawo wa takarda in karanta. Na yi aji huɗu a firamare kafin mahaifina ya ga gona ta fi malam buƙatata, kuma aji huɗun wancan zamani, in za a faɗi gaskiya, ya fi digirin yanzu nauyi. To da duk wannan ilimi a kaina na tafka abin da na tafka.

Da bazarar bara ne na fara jin ƙishirwar da randa ba ta kashewa, ga yawan zagayawa, ga kasala. Babban ɗana, mai harkar hatsi a Funtua, ya zo ya sa ni a mota zuwa asibiti a Malumfashi. Hajiya, matata ta shekara arba'in da ɗoriya, ta yafa mayafi ta biyo mu ba tare da an gayyace ta ba. Aka soki yatsana, aka ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Malamar asibitin, sa'ar jikata ce amma bakinta ba ya rawa, ta ce suga ya hau. Ta tambayi abin da nake ci, na zayyana mata da alfahari: ɗumame da koko mai suga da safe, fura da rana, tuwon masara malmala uku da dare, ranar kasuwa kuma burodi da lemon kwalba.

Ta ce duk waɗannan sitaci ne, abin da suke kira kabohaidiret. Ciki yana mayar da su suga, jini ya kai wa gaɓoɓi su yi aiki da shi, in kuma ya fi ƙarfin aikin sai ya taru ya zama cuta. Ta ce in bar lemo da sugan koko, malmala uku ta koma ɗaya da rabi, in yawaita wake da zogale da rama. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce kada in sha sai da abinci. Har sau biyu ta maimaita cewa ragewa ta ce, ba dainawa ba. Ni kuwa hankalina yana kan kalmar kabohaidiret, ina ta jujjuya ta a baki kada ta tsere kafin in kai ta majalisa.

A hanyar gida na zauna na yi nazari irin namu na masu ilimi. Idan rage rabin tuwo magani ne, ashe barinsa gaba ɗaya magani biyu ne. Wannan lissafi ko ɗan aji uku zai yi shi. Daga ranar na sallami tuwo, na sallami fura, na koma dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale da shayi ba suga. Hajiya ta yi magana sau ɗaya, na tuna mata wanda ya yi makaranta a gidan.

Abin ya yi kyau da farko, don ba aikin da nake yi sai zama a gindin dalbejiya. Tumbi ya zube, wando ya fara neman sabon mazagi. Da hantsi nakan ji jiri, sai in ce cutar ce ke tattara kayanta. A majalisa kuwa na zama malami. Duk wanda ya ce zai shiga gida cin tuwo sai na yi masa ta'aziyyar kansa tun yana da rai.

Sai damina ta sauka, masara ta kai gwiwa, aka zuba taki, lokacin huɗa ya yi. Ina da shanun huɗa biyu, fari da ja, tun suna maruƙa na raine su. Ɗana ya zo ya dube ni sama da ƙasa, ya ga yadda na rame, ya ce cikin ladabi a sayar da shanun, shi zai riƙa turo mai huɗa duk shekara. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma a garinmu ranar da shanun mutum suka bar turke, ranar ce ake shimfiɗa masa tabarma a zaure, a fara gaishe shi da ƙarfi kamar kurma. Na ce masa ya zo ranar Asabar ya ja mini shanun, ni in riƙe garma. Idan ban gama gonarmu ta hanyar Gozaki kafin azahar ba, ya kaɗa su kasuwa, ba zan ce uffan ba.

Ranar Asabar ina dawowa daga masallaci na nufi turke. Na dama wa shanu dusar masara da 'yar kanwa, na zuba musu harawar wake, na tsaya har suka ƙoshi, domin ba mai hankalin da zai ɗora wa sa karkiya da yunwa a cikinsa. Na shigo, Hajiya ta ajiye mini ɗumame yana tururi. Na ture kwanon, na kora ƙwayata da shayi.

Ta ce, "Malam, yau garma fa za ka riƙe, ba carbi ba."

Na bayyana mata cewa jikin ɗan Adam yana da rumbun kitse da yake ci daga ciki, bayanin da ya fi ƙarfin wanda bai shiga aji ba. Ta ɗauke kwanonta.

Kunyoyi goma na farko kamar da igiya aka ja su. Har na fara yi wa ɗana gori cewa tafiyarsa ta 'yan birni ce ke rage wa shanu sauri. Rana tana ɗan ɗagawa sai na ji gumi mai sanyi a bayana. Hannuna ya fara rawa a kan garma, kunyar da nake ja ta koma kamar sawun maciji. Na ɗaga kai na ga shanu huɗu a gabana, alhali biyu na sani. Ban tuna lokacin da na saki garmar ba, sai dai na tsinci kaina zaune a cikin kwari, masara tana juyawa, ɗana yana riƙe da kafaɗata yana ta kiran Baba.

Ashe Hajiya ta biyo bayanmu a ƙafa, tana zaune a gindin ɗorawar bakin gona tun ɗazu. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jug ta kafa mini a baki, kunu ne da suga har yana kama harshe. Ranar asibiti, lokacin da nake haddace kalmata, ita tana sauraron malamar tana cewa in mai shan ƙwayar nan ya fara rawar jiki da gumi, sugansa ne ya faɗi, a yi maza a ba shi abu mai zaƙi. Cikin ɗan lokacin da mutum zai yi alwala ya idar da salla, shanu sun koma biyu.

Ɗana ya kwance musu karkiya, ya ce alkawari ya cika, kasuwa mai zuwa zai turo a tafi da su. Hajiya ce ta ce masa ba tsufa ne ya kayar da ubansa ba, yunwa ce, ya ba ta kwana uku. Ranar Litinin suka sake tasa ni gaba zuwa Malumfashi. Malamar ta saurari lissafina na magani biyu har ƙarshe, ta dafe kai, sannan ta ce mai aikin ƙarfi dole ya ci sitaci kafin ya fita, daidai misali, ya kuma riƙe dabino a aljihu.

Ranar Talata na ci ɗumame malmala ɗaya da miyar kuka da wake. Da hantsi na sha fura ba suga. Ladan bai kira azahar ba sai da na juya garma a kunyar ƙarshe, ɗana yana haki, ni ina tambayarsa ko akwai wata gonar. Shanuna suna nan a turkensu har yau, farin ma ya ƙara ƙiba.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, na gyara murya na soma yi wa ɗana bayanin sakamakon binciken da na gudanar a kaina, don amfanin al'umma. Na ce na gano cewa sitaci a jikin mai aiki kamar mai ne a injin ban-ruwa, in ya yi yawa ya shaƙe shi, in babu ya mutu, kuma sai mai ɗan ilimi ne zai iya kai wa ga wannan.

Hajiya tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Shanun da ka ba dusa ranar Asabar sun riga ka sani, Malam. Su kuma aji nawa suka yi?"