Katin da Ya Wuce Rariya

Mas'udu yana da rumfar cajin waya a bakin titin Sheme. Caji ne sana'arsa, amma ba da shi aka san shi ba. Duk wanda aka turo wa abu a waya bai gane kansa ba, wajensa yake kawowa. Yana da manhaja mai bincikar fayil kafin a buɗe, ya raɗa mata suna Rariya. In ta nuna kore a buɗe, in ta nuna ja a goge, ko daga Makka aka turo.

Yana kuma da wa'azi ɗaya da yake yi ko ba a tambaye shi ba: a duba wutsiyar sunan fayil. "Baba, hoto ba ya neman izinin karanta saƙonninka. In wutsiyar ta ce apk, ba hoto ba ne, baƙo ne ke son makullin ɗakinka." Har daga Mairuwa dattawa ke kawo waya. A ce abu ya bi ta hannun Mas'udu, ya kusa da rantsuwa. Jarinsa ke nan.

Zailani direba abokinsa ne tun firamare. Wata ranar kasuwa ya zauna kan bencin rumfar, ya tura masa fayil.

"Katin auren ɗiyar kawuna ne. Buɗe ka ga rana."

Rariya ta nuna ja. Wutsiya ta ce apk.

"Wanga kati da walaki," in ji Mas'udu.

"Au, yau gayyatar gidanmu za ka tace? Mu ne tsakuwar ke nan, injiniya?"

A Sheme ba a bincikar gayyatar aure, Allah ya sa alheri ake cewa. Mas'udu ya kashe Rariya, ya danna. Katin ya nemi izini, ya ba shi, abin da yake hana kowa yi.

Ba amarya a ciki, ba ango. Kafin la'asar wayarsa ta raba katin ga duk lambar da ke cikinta, da sunansa. Mutane suka buɗe hankali kwance, tunda daga hannun Mas'udu ya fito. Wayar liman kanta ta shiga gayyatar jama'a.

Mas'udu ya iske Zailani a tasha yana wanke mota.

"Yaushe ne auren?"

"Wane aure? Kawu ai maza gare shi."

Ashe wata baƙuwar lamba ce ta turo wa Zailani katin tun farkon mako, ya buɗe, wayarsa ta haukace. Kunya ta hana shi faɗa wa mai wa'azin wutsiya.

"Na ga in taka ta kamu dole ka nemo magani, ni ma in samu," ya ce, yana matse tsumma. "Ba kai ne gwani ba?"

Maganin ya samu kuwa. Mas'udu ya wanke wayoyin gari ɗaya bayan ɗaya, har da ta Zailani. Da dattawa suka tambayi inda katin ya fito, Zailani ya ce shi dai ya ga kowa daga lambar Mas'udu ya samu. Bai yi ƙarya ba.

Rumfar tana nan, ana kawo caji. Sai dai yanzu kowa kashe wayarsa yake yi kafin ya miƙa, wasu har su zare layi. Rariya ma tana nan a wayar Mas'udu, kuma har yau ba ta taɓa kuskure ba.