Aladiyar Lesieli

Duk ƙauyen an san Lesieli da tattali. Ita ke kula da coci, kuma labulen bagade ya sha faci a hannunta har ba a gane asalin yadin. Ko guntun kyandir ba ta yarda a zubar. A gida ma haka take. Da aladiya ɗaya tak suke riƙe da kansu, ita da mijinta Malakai. In aladiyar ta haihu su sayar da 'ya'yan, su gyara rufi, su sayi takalman yara.

Abu ɗaya ke ci mata rai, maƙwabciyarta Kalolaine, mai 'ya'ya uku a birnin Okland, can ƙasar waje, suna aiko mata da kuɗi. Kowace shekara in an yi babban taron coci, kowane gida na shimfiɗa teburin abinci ga baƙi. Teburin Kalolaine kuwa sai ka rantse bikin sarauta ne, gasassun 'yan aladu a jere, ga doya, ga ƙaguwa. A nan Fasto ke zama. Lesieli na gefe da rogo da kifi, tana murmushi, zuciyarta kamar ta fashe don hassada.

Bana ta ce a yanka aladiyar.

"Ke Lesieli, lafiyarki kuwa?" in ji Malakai. "Ciki gare ta fa."

"Na sani. Don Allah na bayar."

"Don Allah, ko don Kalolaine?"

"Kai dai wasa wuƙarka. Na gaji da zama 'yar kallo a cocin da nake sharewa."

Ya wasa, don Malakai bai taɓa cin gardama a gidan nan ba.

Sai dai haushi ya mantar da ita abin da ko yaro ya sani. Ƙaton alade ba ya hawa tebur. Janyo shi ake yi gaban manya a miƙa shi sukutum, su kuma su raba yadda suka ga dama. Haka aka yi. Maza suka jawo aladiyar, mai shela ya ambaci sunan Malakai sau ɗaya, aka tafa. Fasto ya yi godiya, ya wuce zuwa teburin da ya saba. Na Lesieli rogo ne da kifi, kamar bara.

Da aka zo rabo, gadon baya ya tafi gidan hakimi. Cinya guda kuma aka ba gidan da ya fi ciyar da baƙi, wato gidan Kalolaine.

Da yamma sai ga Kalolaine da ɗan kwando, fuskarta a sake, ba alamar mugunta. Wannan ne ma ya fi ƙona Lesieli.

"'Yar'uwa, ga ɗan yanki ku taɓa. Naman nan akwai mai, kin iya kiwo."

Lesieli ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya yadda ya kamata. Yara suka ci, Malakai ya ci bai ɗaga kai ba. Ita kam ta kasa kai loma baki.