Lucienne Mai Shara da Nonon Farko

Lucienne ba likita ba ce, ba ma nas ba. Shara take yi a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a Garwa, tun da ta sauko daga duwatsun Mokolo a 1968. Shekara da shekaru tana goge ƙasa, ko sannu manyan wurin ba sa ce mata. Abin kunya ne, gara a faɗa.

Tana yarinya ta yi kiwon awakin ubanta. Can ta lura duk ɗan akuyar da bai sha nonon farko ba, zawo ke kwashe shi.

A 1974 aka kawo Halime, matar wani mai shagon atamfa a unguwar Jambutu. Jarirai biyu ta binne, duk gudawa ce ta kashe su. Da ta haifi na uku, surukarta Goggo Mairamu ta shigo da kwanon ruwa. A al'adarsu sai a tatse dakashi, wato nonon farko mai kaurin nan, a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa har kwana uku.

Lucienne ta jingine tsintsiya.

"Goggo, wannan ruwan na ina ne?"

"Na rijiyarmu. Ina ruwanki?"

"Shi waɗancan biyun da suka rasu suka sha? Ko ɗan akuya ba a hana shi nonon farko."

"Ji mini mata! Mai shara ce za ta koya mini raino? Jikan nawa kika mayar ɗan akuya?"

"Ai akuya ba ta zubar da nata, Goggo." Ta juya ga mai jego. "Ƙanwata, ɗanki ne. Sa shi a ƙirji."

Halime ta dubi kwanon, ta dubi surukarta. Ta sa ɗanta a nono. Goggo ta fita tana sababi, har ta kai ƙara wajen manyan asibitin. Aka dakatar da Lucienne mako guda.

Daga baya wata nas ta yi wa Lucienne bayani: ƙwayoyin cuta bangon hanji suke kamawa, dakashi kuwa yana ɗauke da kariyar uwa, ya shafe hanjin jariri kafin nasa jikin ya iya faɗa. Lucienne ta ce, "To, madalla," ta ɗauki bokitinta.

Da damina gudawa ta ratsa Jambutu, ta kama Dawuda, jaririn nan na Halime. Kwana biyu uwarsa ba ta ajiye shi ba, ba ta kuma janye masa nono ba. A na uku ya tashi da ihun yunwa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.