Addu'ar da ta hana balan-balan tashi

Shekarun baya, da furfurata da komai, na ɗauka duk balan-balan ɗin da aka saki ya yi sama, to ya tafi ke nan. Ban taɓa tambayar ina yake sauka ba. Wanda ya tsaya a aji uku ai ba a tuhumarsa.

Ɗana ne ya kai ni Kuala Lumpur in ga bikin kammala karatunsa. A benen da yake haya a unguwar Pantai Dalam akwai wani dattijo ɗan ƙasar, maƙwabcinsa, mai son kamun kifi. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, da hannu muke hira. Wata Asabar ya ɗauke ni a motarsa zuwa bakin teku.

Muna tafiya a kan yashi muka tarar da wani farin tsuntsu kwance, wani jan abu ya leƙo daga bakinsa. Na ɗauka hanjinsa ne. Abokina ya durƙusa ya ja a hankali, sai ga fasasshen balan-balan har da zarensa. Tsuntsun ya rame, ƙirjinsa kamar wuƙa. A hannunmu ya cika. Abokina ya nuna ruwa, ya nuna bakinsa, ya ce, "Makan." Abinci. Da muka dawo ɗana ya ƙarasa mini bayani: in abin yana yawo a ruwa, tsuntsu yakan ɗauka nama ne, ya haɗiye, cikinsa ya toshe, yunwa ta kashe shi.

Ranar walima ɗaliban ƙasarmu suka taru a bakin tafkin Titiwangsa, da shinkafa da masa. Sai ga shugabansu da ƙaton damin balan-balan, kore da fari.

"Baba, ku ne babba. Ku sa mana albarka, ku saki."

Na karɓa, na naɗe zaren a wuyan hannuna tamau, na ce a ɗaga hannu. Na yi wa masu digiri addu'a. Na yi wa iyayensu, da malamansu, da direban jirgin da zai mayar da mu gida. Na shiga jihohi ɗaya bayan ɗaya. Wa zai katse dattijo yana addu'a? Masu ɗaukar hoto suka sauke waya, amin ta fara shaƙewa, masa tana hucewa.

Ɗana ya raɗa mini, "Baba, don Allah a shafa."

Aka shafa. Na ce, "Albarka kam na sa. Saki ne ba zan yi ba." Na ba su labarin tsuntsun.

Wani mai gilashi ya ce, "Haba Baba, ina teku a nan? Sau ɗaya ne kawai."

Na ce, "Ɗan nan, iska tana neman biza ne? Kai ma daga Kano ka taso, ga ka nan."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Shugaban ya ɗaure fuska, ɗana ya sunkuyar da kai. Ban kwance zaren ba. Haka na ci shinkafata da hannu ɗaya, haka na shiga jirgin ƙasa da damin balan-balan ɗina, yara suna nuna ni. A gida na bi su da allurar surukata, matar ɗana, ɗaya-ɗaya, na ƙulle a kwandon shara.

Har yau in na ga an zo da su wurin suna ko biki, sai na tashi na yi magana, ko za a ce tsohon nan ya fiye sa ido. Na riga na riƙe tsuntsun nan a hannuna.

Da na kira uwargida ina ta cika baki, ta bari na gama tsaf, sannan ta faɗi maganar da har yanzu nake zagaye ta: "Sannu Malam. To ledar ruwan da kake jefarwa ta tagar mota, wane tsuntsun ne ya ce ka aika masa?"