Kwana Goman da Na Zaɓa wa Motar Asibiti

Tun ina saurayi na gaji wata al'ada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa: duk jaririn da na raɗa wa suna a ƙauyenmu na ƙasar Tajaye, nakan rubuta sunansa da ranarsa a gefen littattafaina. Ban taɓa zaton rubutun nan zai zama shaida a kaina ba.

A shekarun da suka biyo bayan babban fari, asibitinmu yana da mota guda, wadda ke kai masu doguwar naƙuda Ƙonni. Wata rana da hantsi majo, wato babban ma'aikacin asibitin, ya yi sallama a zaurena tare da direba.

"Allah gafarta Malam," in ji direban, "motar nan tari take kamar tsohon ɗan taba. In ba a kwance injinta ba, wata rana a tsakiyar daji za ta yi mana sallama."

Majo ya ce bakanike na Ƙonni yana buƙatar kwana goma cur. Tambayarsa ita ce: waɗanne kwanaki goma ne a shekara aka fi ƙarancin buƙatarta? "Rajistata shekara biyu gare ta," ya ce yana dariya. "Taka ta girme ni."

Na yi kwana uku ina bin gefen shafuka. Na ga haihuwa tana taruwa wata tara bayan dawowar 'yan ci-rani, tana kuma yin ƙaranci wata tara bayan tafiyarsu. Na fitar da damina, domin zazzaɓin yara da lalacewar hanya. Na fitar da kwanakin girbi. Abin da ya rage shi ne 'yan kwanaki bayan an gama ɗaure dammunan hatsi. Sai gabana ya faɗi. Ɗiyata ta fari tana da ciki, mijinta tela ne da ba ya ci-rani, kuma watan haihuwarta ke nan.

Uwarta ta leƙo ta same ni na yi tagumi. Da na gaya mata, ta ce, "Malam, wa ya san abin da ke cikin takardun nan in ba kai ba? Ka matsa da wata guda mana."

Wallahi na yi tunanin haka. Amma wata guda gaba, haihuwa ta fara yawaita, kuma waɗancan ma 'ya'yan mutane ne. Na karantar shekara da shekaru cewa in cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi, kuma ɓoye shaida zunubi ne. Ban san nauyin maganar ba sai ranar. Na gaya wa majo gaskiya, ban ambaci ɗiyata ba. Uwarta ta yi kwana biyu tana ajiye mini tuwo tana juya mini baya.

Mota ta tafi. Kullum bayan asuba nakan tambayi lafiyar yarinyar, in ƙirga kwanakin da suka rage. Karatu ya daina shiga kaina.

Ran na bakwai naƙuda ta zo da sassafe. Azahar ta yi, shiru. Ungozoma ta fito tana girgiza kai. Majo ya duba ta, ya fito ya dube ni.

"Malam, don mi ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da lissafin ya sake?"

Majo ya ce a ɗaura wa jaki amalanke, ko a dace da motar kasuwa a bakin kwalta. Na bi su a ƙasa, carbi a hannu, amma na kasa cika ko addu'a guda. Kowane rami jakin ya faɗa, sai ta yi nishi, uwarta ta waiwayo ta dube ni.

Ba mu kai kwalta ba. Gab da la'asar, ƙarƙashin wani gawo, mata suka kewaye ta da zannuwa. Na juya baya. Na daɗe a tsaye kafin in ji kukan jariri, na kuma ƙara daɗewa kafin in ji muryarta tana neman ruwa.

Da shekara ta kewayo, majo ya dawo da tambayarsa. Na buɗe littafi, ga sunan jikana a cikin kwanakin nan. Na sake ƙirgawa har sau biyu, sannan na ba shi kwanakin bara.